Kaka Shetu ta Tambayi Labarin Nazif

Salaga, 4 ga Maris

Zuwa ga Mmata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya Bawku, yaya cinikin albasa? Na ba direban lori wannan takarda domin kin san bakina ba ya buɗewa a waya, balle wayar Kawu Zibrim ce, yana tsaye a kaina.

Mma, jikin Kaka Shetu ne. Ta yi zazzaɓi kwana huɗu, sai ƙuraje suka fito mata a leɓe. Kowa a gidan ya yi hamdala, wai tunda zazzaɓi ya fito ta baki, ai ya kama hanyar tafiya. Kawu ma ya ce gobe ta koma rumfar doyarta.

Amma ni ban yarda ba. Bari in tona mana asiri: kullum bayan la'asar ina karanta mata littafin soyayya, ita ke ɓoye mini shi a tsohon kwandon goro. Ta fi ni son labarin. Kullum zagin Nazif na cikin littafin take, wai wane irin namiji ne wannan, shafi tamanin ya kasa ce wa Firdaus yana sonta. Shekaranjiya da na ɗauko littafin, ta tambaye ni wane ne Nazif. Sannan ta ce tana jin warin ƙonannen gashi, alhali ko wuta ba a hura ba. Na yi shiru kwana biyu saboda kunyar littafin. Ki yafe mini, kuma don Allah ki yi wa Kawu magana.

'Yarki,
Taslima

Yendi, 2 ga Afrilu

Mmata abar ƙaunata,

Ina gaishe ki da gajiyar kasuwa. Allah ya saka miki da alheri da kika gaskata ni. Na ji Kawu yana ce miki maganar yara ce, na kuma ji muryarki ta wayar har tsakar gida. A ranar muka tafi asibitin Tamale, a mota Kaka ta fara fizge-fizge.

Likitar ta ce ƙwayar cutar da ke kawo ƙurajen leɓe, wadda suke kira hapis, ita ce ta shiga ƙwaƙwalwa. Ta ce mutane da yawa na ɗauke da ita, da wuya take hawa can, amma in ta hau, kowace rana ɗaya tana da tsada. Sati uku ana sa mata magani ta jijiya. Da likitar ta tambayi wanda ya fara lura, Kawu ya nuna ni. Mma, na so ƙasa ta tsage.

Yanzu muna gidan Gwaggo Abida a Yendi. Kaka tana ci, tana tafiya, sallarta ba ta kuskure ko raka'a. Sai dai ba ta san ni ba. Ce mini take baiwar Allah, tana yi mini godiya in na kai mata koko, kamar baƙuwa. Na tambayi likita ko wannan ne ciwon mantuwa na tsufa. Ta ce masana na bincike ko wannan ƙwaya na da hannu a shi, ba su gama tabbatarwa ba, kuma ba za ta yi mini alkawarin abin da zai dawo ba.

Taki,
Taslima

Salaga, 19 ga Mayu

Mmata,

Sallama da fatan alheri. Mun dawo gida. Sunana har yau bai dawo wa Kaka ba, na daina kukan wannan.

Jiya Kawu ya ba ni kwandon goro in zubar da tarkacen ciki, ga littafin a ƙasa. Ya gani, ya ɗauke kai kamar bai gani ba. Na zauna gefen tabarmarta, na ci gaba daga inda muka tsaya. Ban kai rabin shafi ba ta buge ni a gwiwa, ta ce ke mai littafi, ina kika shige tun tuni, kuma wannan sakaran Nazif ya buɗe baki ko har yanzu?

Mma, bai buɗe ba sai shafi na ɗari da biyu. Kaka ta ce da ita ce Firdaus da tuni ta auri mai doya.

Alhamdu lillahi. In za ki zo, ki taho mini da wani littafin, mai kauri.

'Yarki mai littafi,
Taslima