Ciwon 'Yan Yaye

Ƙanwata,

Ina gaisuwa. Ya ƙafarki, ya jikoki? Ni da sauƙi, kwanciyar asibitin garin mutane ce ta ishe ni.

Zazzaɓin nan ya ƙi sauka, ido ja, harshe ja, tafin hannu yana saɓa. Likitoci suka rasa gane kaina, sai suka kira likitan yara. Ya shigo yana waige-waige, wai ina yaron? Na ce ga ni. Ashe kumburin jijiyoyin jini ne, ciwon 'yan yaye, da wuya ya kama babba. Sun duba zuciyata, ƙalau take. Da marigayi na nan, da ya sha dariya.

Na ji har kin ɗauke katifata, wai ba zan dawo ba. Ki mayar. Yanzu ma aka yaye ni.

Allah ya haɗa fuskokinmu.

Yayarki