Fitilar Ɗakin Baba

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Allah ya ƙara lafiya, ya dafa maka a wurin aiki. Mu nan da sauƙi. Kumburin ƙafar Umma ya sauka, har tana fitowa tsakar gida. Baba yana cin abinci sosai, sai dai rawar hannun nan ta ƙaru, ko shayi sai na riƙe masa kofi. A kansa ne ma na zauna rubuta maka, domin duk lokacin da ka kira yana kusa da ni, ba na iya sakin baki.

Ranar Talata bayan la'asar ina share ɗakinsa sai na ji ƙaurin roba. Na duba ko'ina ban ga komai ba, ina ɗaga kai na ga silin ya yi baƙi kewaye da fitila, daidai saman gadonsa. Na kashe makunni, na je da kaina na kira Dogo, mai gyaran wuta na bakin layinmu. Ya cire fiyus, ya hau tsani, ya kwance fitilar, sannan ya ce in matso in gani da idona. Yaya, wayoyi ne murɗe da juna, an naɗe su da baƙin salatif, suna kwance a kan katako ba abin da ya rufe su. Salatif ɗin ya narke, wayar tsirara, ga tsummoki da ɓera ya tara a gefe. Dogo ya ce irin wannan haɗin ana matse shi ne da sukuru, a rufe shi cikin ɗan akwatin da wuta ba ta ci, ko ya yi zafi ba zai taɓa katako ba. Ya ce aikin bai kai awa guda ba.

Yana cikin bayani Baba ya shigo. Ka san shi ya ja wayar gidan nan da hannunsa tun kafin a haife ni, shi kuma ya koya maka sana'ar. Ya tambaya wa ya ba baƙo izinin taɓa aikinsa. Dogo ya sauko ya gaishe shi da ladabi, ya ce aikin ya yi ƙarko, shekaru ne kawai suka ci shi. Baba ya ce a miƙo masa sukundireba. Na roƙe shi, Umma ta roƙe shi, bai ko dube mu ba. Ya hau tsanin nan, ni da Dogo muna riƙe da ƙafafunsa. Sau uku yana kai sukundireba kan sukuru, hannun yana kaucewa. Ya daɗe a sama yana kallon wayoyin, can ya sauko ya zauna bakin gado, ya ce Dogo ya ɗauki tsaninsa ya tafi. Ya ce kai za ka zo ka gyara, ban da kai babu wanda zai taɓa.

Na faɗa masa sai bayan wata bakwai za ka samu hutu, ya ce yana da haƙuri. Kawu ya zo ya yi masa magana, suka rabu kowa ransa a ɓace. Dogo ya ce ba zai shiga ɗakin dattijo a ɓoye ba, ya dai ja mini kunne kada a mayar da wuta ɓangaren nan. Kafin kwana biyu na tarar Baba ya mayar da fiyus ɗin da kansa, wai yana jin zafi, fanka yake so. Na faki idonsa na cire, na ɓoye a jakata, na ce masa wutar ce aka ɗauke.

Kwana shida ke nan kullum ina yi masa wannan ƙaryar, yana zaune cikin gumi, Umma tana yi masa fifita. Yau da safe na kai masa shayi, ya tambaya ko an kawo wuta, na ce tukuna. Ya juya ya kalli tagar maƙwabta, fankarsu tana ta juyawa. Ya ce, "To, Allah ya kawo." Ya karɓi kofin da kansa, rabi ya zube masa a riga, bai bari na goge ba.

Yaya, dabara ta ƙare mini. In na mayar da wuta ina tsoron gobara a kansa, in na bar shi haka ina ganin yadda yake ƙanƙancewa a gabana. Ka rubuto masa, ko layi biyu ne, ka ce ka wakilta Dogo ya rufe wayoyin nan a madadinka. Ban sani ba ko zai yarda, amma ban ga wata ƙofa ba.

Umma tana gaishe ka, tana sa maka albarka. Ka gaida mini Anti da 'yan biyu, ka gaida Hajiya surukarka.

Taka ƙanwa,
Auta