Kiredit ɗin Hauwa'u da Ƙofar Ajin Asabar

Zuwa ga Shugaban Sashen Kemistiri na kwalejin da ƙanwata take karatu.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan Yallaɓai yana lafiya tare da iyali da malaman sashensa, sunana Nasiru, ina gyaran waya a Makera. Karatuna na aji ya tsaya a sakandare, sauran a bakin teburin shago na yi shi, daga duk littafin da hannuna ya kai gare shi. Na zo ofishinka sau da dama, sakatarenka ya ce kana mitin. Shi ya sa na rubuto a fili, ko in mitin ɗin ya tashi ka gani.

Magana ce a kan ƙanwata Hauwa'u. Ta faɗi kwas ɗin kemistiri na shekarar farko sau biyu, kuma dokarku ta ce wanda ya faɗi na uku ya tattara kayansa. Ban zo roƙon maki ba. Na zo ne a kan abin da yake kayar da ita.

Na farko. Yarinyar nan ba a kemistiri take faɗuwa ba. A ɗakin gwaji, in ana ɗiga sinadari cikin kwalba ana jiran launi ya juya, ita 'yan rukuninta suke turawa gaba, domin hannunta ba ya rawa. Sunayen sinadarai kuwa ta haddace su har ta ishe mu da su a gida. Matsalar tana farawa ne in an ce ta zauna ta lissafa abin da ta auna. Ba ta san yadda ake ɗauke lamba daga wannan gefe a mayar wancan ba. Ɗigon da ke raba lamba, duk inda ya ga dama nan yake sauka. Na taɓa duba aikinta, lissafinta ya nuna cewa a kofin ruwa guda akwai gishirin da ya fi buhu nauyi. Ta rubuta haka, ta ja layi biyu a ƙasa, domin kalkuleta ce ta faɗa.

Na biyu, kuma nan ne gaskiyar da ba a so. Takardarta ta sakandare ta ce tana da kiredit a lissafi. Makarantar da ta yi a Trikania, ba zan ambaci sunanta ba, ta yi shekarun ƙarshe babu tsayayyen malamin lissafi. Ranar jarrabawa aka rubuta musu amsa a allo, aji guda suka kwafa. Mahaifiyarmu har shinkafa ta dafa ranar da sakamako ya fito. Yallaɓai ya fi ni sanin cewa ba ita kaɗai ta shigo muku da irin wannan kiredit ba.

Na uku. Sashenku yana da ajin lissafi na ranar Asabar, na masu rauni. Abu mai kyau. Amma wa kuke ɗauka mai rauni? Wanda takardarsa ta nuna bai kai kiredit ba. Ƙawarta Rahila, 'yar Narayi, ta yi jarrabawarta da kanta, ta samu abin da ya gaza kiredit, kuka tilasta mata shiga ajin. Yanzu Rahila ta haye kemistiri, ita ce ma take zuwa gidanmu bayan coci tana ƙoƙarin nuna wa Hauwa'u, gwargwadon abin da ɗaliba za ta iya. Hauwa'u kuwa ta je ƙofar ajin nan da ƙafarta, aka duba takarda aka ce ta koma, ita gwana ce, kujeru na mabuƙata ne. Wato ƙaryar da aka yi mata a sakandare ita ce take tsare da ƙofa.

Na huɗu gajere ne. Da ta ɗaga hannu a lacca ta ce ba ta gane yadda aka yi rabawar ba, malamin ya ce shi ba malamin firamare ba ne, ta kira kiredit ɗinta ya zo ya raba mata. Aji ya yi dariya. Daga ranar ba ta sake tambaya ba. Ban ce ya yi ƙarya ba, ba aikinsa ba ne. To aikin wane ne?

Na san abin da wannan wasiƙa za ta iya jawowa. Wani zai ce tunda na faɗa da bakina cewa kiredit ɗin ba nata ba ne, a kore ta tun yanzu a huta. Mahaifiyarmu ta ce in yi shiru, in bari a yi addu'a. Na karanta wa Hauwa'u kafin in fitar, na ce zan cire sunanta. Ta ce in bar shi, ai ko an ɓoye sunan, jarrabawa ta san ta.

Ga abin da nake roƙo. A daina tambayar takarda a ƙofar ajin Asabar. Duk wanda ya faɗi kemistiri, ko ya zo da kansa ya ce bai iya ba, a ba shi gwajin lissafi a nan take, a gabanku, abin da ya samu shi zai yanke hukunci. In kujeru ne suka yi kaɗan, a bar ta ta tsaya a baya, ko in kawo benci daga shagona. Kuma a yi wannan kafin jarrabawar zangon nan, domin bayanta ba ta da wata dama.

Asabar mai zuwa za ta sake zuwa ƙofar, da biro a hannu. Ku gwada ta, Yallaɓai. Za ta faɗi, na ba ka tabbaci, kuma wannan ce faɗuwar da gidanmu yake jira, domin ita kaɗai za ta shigar da ita ajin.

Allah ya ƙara wa Yallaɓai lafiya, ya ba shi ikon riƙe amanar 'ya'yan mutane, ya rage masa mitin.

Wassalam.

Nasiru, yayan Hauwa'u,
Makera, Kaduna.