Fil Ɗin Jirgin Bintu

Yelwa, Bauchi
Ranar Laraba

Zuwa ga maigidana, Abban Bintu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kuma wahalar horon da ake ba ku ta yi sauƙi. Tun da aka karɓe muku waya, sai na ba ƙanenka Ikrima wannan takarda ya kai maka sansanin. Ka samu wuri ka zauna kafin ka ci gaba da karantawa.

Tun da ka gaya wa Bintu cewa bakin ruwa za a tura ka aiki, ba ta da zance sai na jirgi. Jiya da hantsi ta jawo kwalin taliya daga kicin, ta ce sai mun yi mata nata. Muka baje a tsakar gida da almakashi da gam. Na yanka gindin, ta riƙe gefuna har suka kama, muka jera tsinken ashana a matsayin kujeru. Na ɗiga masa kyandir a ƙasa don kada ruwa ya ci shi. Da muka sa shi a baho ya tsaya cak bai nutse ba, ta yi ta tsalle. Sai ta ce saura tuta. Na yago ƙyalle, na zare fil daga gyalena, na maƙale shi a jikin tsinken tsintsiya.

Na shiga duba tukunya, ita kuma ta tafi neman fensirin kala. Ina juya miya na ji ƙanenta Mahfuz yana tari. Na same shi zaune gaban bahon, tutar a hannunsa jiƙe da miyau, fil babu. Na share tsakar gidan, na juye ruwan bahon a rariya, na kakkaɓe kayansa. Babu.

Maƙwabciyarmu Maman Patricia ce ta tare mana keke napep. A asibiti aka yi masa hoto. Abban Bintu, na ga fil ɗin da idona, fari ƙal, kwance a cikin yaron da bai gama koyon kiran sunana ba. Likitar, Dakta Liatu, ta ce ya wuce maƙogwaro, yana iya fita da kansa. Amma in ya yi amai da jini, ko cikinsa ya taurare, to sai aiki.

An kwantar da mu. Shi yana ta wasansa, yana jan zanin gado yana dariya, ni kuwa duk juyin da ya yi sai in ji kamar a cikina tsinin yake. Ina jin tsoron ɗaukarsa, ina jin tsoron ajiye shi. Ko goyo ban yarda na yi ba, kada in matse shi. Ka yi mana addu'a.

Taka har kullum,
Zakiyya

Yelwa, Bauchi
Ranar Asabar

Abban Bintu,

Assalamu alaikum, da fatan wannan ta riske ka cikin ƙoshin lafiya. Bari in fara da abin da kake jira: ya fita. Alhamdulillahi.

Kafin nan mun ga tashin hankali. Ranar Alhamis jikinsa ya yi zafi, ya ƙi nono, hoto kuma ya nuna fil ɗin bai gusa ba. Na ga ma'aikatan jinya suna magana ƙasa-ƙasa, aka hana shi cin komai, aka ce in shirya zuciyata. Na rasa wace addu'a zan kama, sunan Allah kawai nake maimaitawa. Jiya da safe, ana shirin sake hoto, ya yi bayan gida a fo. Ni da Maman Patricia muka durƙusa muna tonawa da tsinke, har na ji ƙarfe ya taɓa roba. Ta rungume ni muka yi ta kuka, tana godiya da yarenta, ina yi da nawa.

Sai dai akwai abin da ban lura da shi ba sai da muka dawo gida. Bintu ta daina magana. A gidan Maman Patricia ta zauna, an ce ko abinci sai an matsa mata. Na same ta a bayan ƙofa, ta tattaka jirgin ta cusa a ƙarƙashin katifa. Da ƙyar ta buɗe baki, ta tambaye ni ko in ka dawo da kakinka ita za ka fara kamawa, tunda ita ta bar jirgin a ƙasa. Na rantse mata ba haka ba ne, na ce ni na sa fil ɗin da hannuna. Har yanzu ko kusa da ƙanenta ba ta zuwa, in ya miƙo mata hannu sai ta ja da baya.

Don Allah ka rubuto mata tata takardar daban, da manyan baƙaƙe yadda za ta iya karantawa da kanta. Tawa maganar ba ta shige ta ba. Taka take jira.

Hajiyarka tana gaishe ka.

Matarka,
Zakiyya