Na amsa wa likita a madadin ƙanena

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara. Ƙane ɗaya gare ni, uwa ma ɗaya gare ni, kuma yau duk wanda na riƙe a cikinsu ɗayan zai suɓuce min.

Ni dilan maganin feshi da taki ne a Rigachikun, da talla a baro na fara. Ƙanena, bari in kira shi Nura, shi ke riƙe min makullin sito. Tun bayan babbar sallah ya canza, ba ci, ba hira, wanka ma sai an matsa. Na kai shi asibitin ƙwaƙwalwa a ɓoye don kada unguwa ta ji. Likitar ta ce in ɗan fita ta gana da shi, na ce ni ne ubansa yanzu, babu abin da zai faɗa da ban isa in ji ba. Ta tambaye shi ko ya taɓa tunanin kashe kansa, kafin ya buɗe baki na ce subhanallahi, yaron nan ɗan gidan mutunci ne. Ta tambaya ko akwai abu mai haɗari kusa da shi, na ce kayan noma kawai muke sayarwa. Shekara ashirin ina ciniki, bakina ya saba rufe aibin kaya, ranar ma abin da na yi ke nan. Aka ba mu magani, aka ce mu dawo bayan sati biyu.

Abin da ban faɗa mata ba, a satin nan Nura ya bi dangi gida-gida yana neman yafiya, har tsohon malaminsa na allo a Unguwar Shanu. Wayarsa da sababbin shaddojinsa ya ba abokinsa. Mu murna muka yi, Hajiyarmu ta ce Allah ya shirya mata ɗa, har sadakar waina ta yi. Ranar Talata da hantsi ina gyara kaya na ga babu kwalba ɗaya ta maganin feshi. A aljihun rigarsa na same ta, ba a buɗe ba. Bai musa ba, cewa kawai ya yi, "Yaya, na gaji ne."

Na koma wurin likitar na faɗi gaskiya. Ba ta yi min faɗa ba, ta ce neman yafiyar da rabon kayan bankwana ne, a kawo shi a kwantar da shi, kuma kada a bar shi shi kaɗai. Na karɓe makulli, na rufe shago. Hajiya kuwa ta ce sammu ne, an riga an karɓo rubutu, in na kai ɗanta wurin mahaukata ba ta yafe min nononta ba. Na roƙe ta mu haɗa biyun, ta ce wa zai ba shi mata in aka ji. Shi kuma Nura ya daina min magana, gani yake na tona masa asiri.

Kwana huɗu ke nan, ko banɗaki ya shiga ina tsaye a ƙofa, kuma na san ba zan daɗe a haka ba. In ɗauke shi gobe ba da sanin Hajiya ba? Ko akwai wanda ya taɓa shawo kan uwa a irin wannan, ya gaya min da wane baki? Na auna ta kowace fuska. In na kai shi, na rasa albarkar uwa, wataƙila in tsira da ƙanen da ba zai ƙara kallona ba. In na bar shi, Hajiya za ta sa min albarka, ni kuma in ɗauki makararsa.