Sun Ce Yis Ɗin Burodina Ne Ya Shiga Jinin Mijina

Anti, don girman Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle. A kan benci nake rubuto miki, a barandar asibiti, tsakanin ƙofar ɗakin da mijina yake kwance da lungun da ake jera kekunan tura marasa lafiya. Yau kwana tara ke nan bencin nan ne mazaunina. In ba 'yan'uwansa sun fita ba, ba na shiga.

Ni mai burodi ce. Shekara goma sha ɗaya ina yi a wani ɗan ɗaki a bayan gidanmu, tanderu biyu da teburin murji ɗaya. Maigidana mai walda ne, shi ma ya haɗa min tanderun da hannunsa. Yaranmu uku. Ba mutum ne mai ciwo ba, ko mura ta kama shi sai ya ce aiki ne maganinta.

Wajen wata guda da ya wuce, ciki ya murɗe shi a wurin aiki har ya durƙusa. Da aka kawo shi nan aka ce hanjinsa ne ya huje. Aka yi masa tiyata, aka yanke wani ɓangare aka haɗe. Bayan haka ba ya iya cin komai, sai suka saka masa wata siririyar roba a jijiyar wuya, suka rufe wurin da filasta. Ta nan ake ba shi wani abinci fari kamar madara, da ruwa, da magungunan kashe ƙwayoyin cuta kala-kala waɗanda ban ma san adadinsu ba. Ya fara samun sauƙi, Anti. Har ya soma tsokanar nas-nas, yana cewa ƙafar gadonsa ta karkace, su kawo masa injinsa ya gyara musu.

Kwana goma sha biyu da tiyata sai zazzaɓi ya rufe shi. Ban taɓa ganin rawar sanyi irin wannan ba, gadon kansa kaɗawa yake. Aka canza magani, shiru. Aka sake canzawa, jiki kamar garwashi. Suka ɗebi jininsa a wasu kwalabe suka kai gwaji. Bayan kwana uku likitar da ke duba shi ta kira mu baranda, ni da yayarsa. Ta ce wata ƙwayar cuta ce ta shiga jininsa, sunanta kandida, kuma duk magungunan da ake ba shi ba sa taɓa ta. Da ta ga mun yi zuru, sai ta ce don mu gane, wani nau'in yis ne, dangin wanda ke kumbura burodi.

Anti, bakinta bai rufe ba na ga Yaya ta juyo tana kallon hannuwana.

Bari in gaya miki wace ce Yaya, don kada ki ɗauke ta muguwa. Ita ta raine shi tun yana shekara huɗu da mahaifiyarsu ta rasu. Ta goya shi, ta kai shi makaranta, ta kai shi koyon sana'a. Malamar makaranta ce da ta yi ritaya, in ta yi magana kowa a gidan shiru yake yi. Tun da aka kawo ni gidan ba mu taɓa sa-in-sa ba, burodina ma take karyawa da shi. Amma ranar ta ce min, ba ta ce da gangan na yi ba, sai dai wa ke wuni hannu dumu-dumu cikin yis a duk zuri'ar nan in ba ni ba? Wa ke goge masa jiki? Ta ce in yi haƙuri in riƙa tsayawa a waje har ya tashi. Ƙannensa biyu suka bi bayanta. Maganar ta kai gida, har babbar 'yata ta zo tana kuka wai 'ya'yan baffanta sun ce mamanta ce ta sa wa babanta ciwo. Na rufe ɗakin burodi.

Da a ce na san ina da gaskiya da na buɗe baki. To amma akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Kwana uku kafin zazzaɓin, na zo da safe bayan na gama murji. Na wanke hannu da sabulu, amma kin san aikinmu, ba a rasa ɗan ƙullu a ƙarƙashin farce. Ina goge masa wuya da tawul sai ruwa ya jiƙa filastar, gefe ɗaya ya ɗago. An sha gaya mana kada mu taɓa wurin. Nas ɗin da ke aiki ranar mai faɗa ce, na taɓa ganin ta wanke wata mata tas a kan abin da bai kai wannan ba. Tsoro ya kama ni, na sa yatsa na danne filastar, na ja masa mayafi, na yi shiru. Sai washegari aka canza. Tun ranar da likita ta ambaci yis nake ganin yatsan nan nawa. In na ɗauki cokali in gan shi, in na ɗaga hannu zan yi addu'a in gan shi.

Yanzu dai an cire robar wuyan, an sa masa wani magani na daban ta jijiyar hannu. Kwana huɗu ke nan babu zazzaɓi, har ya fara shan abu mai ruwa-ruwa. Likita ta ce sai ya yi sati biyu cur yana karɓar maganin, kuma lissafin daga ranar da gwaji ya nuna jinin ya wanke zai fara. Yaya ta ce ina dalili. Ta ce lafiyarsa ƙalau aka kawo shi in ban da ciwon ciki, a nan ya kwashi wannan, wanda ya zauna kuma sai ya kwashi wani. So take ranar Asabar su sa hannu a takardar sallama su tafi da shi gidanta. Shi ma ya ƙosa, kullum maganarsa gida.

Ga abu na biyun da ya hana ni sukuni. Shekaranjiya da suka fita cin abinci na shiga. Ya riƙe hannuna, wannan hannun da ake gudu, yana dariya wai na so in mai da shi burodi sai ya ƙi kumbura. Ni kuka, shi dariya. Can sai ya ce min idonsa na hagu yana ganin wasu baƙaƙen ɗigo-ɗigo suna yawo, kuma kamar hayaƙi ya rufe gefe. Na ce bari in kira nas. Ya damƙe ni ya ce walda ce, duk mai walda yana ganin haka, kuma in na faɗa za su ƙara masa wata guda a gadon nan, ba zai yafe min ba. Shekara goma sha shida muna tare, bai taɓa ce min yana ganin hayaƙi ba.

Anti, ni ce na jawo masa? In faɗa wa likita maganar filastar, ko in mutu da ita a cikina? In na faɗa Yaya ta ji, wane ido zan kalli danginsa da shi? In na tona maganar idon, na saɓa wa mara lafiyar da shi kaɗai ya rage yana riƙe hannuna. In na yi shiru kuma Asabar na zuwa. Ban da uwa a raye, ƙanwata tana nesa. Ki yi min magana kamar ke kika haife ni.

Taki cikin damuwa,
Matar mai walda

AMSA

'Yata, Allah Ya yaye miki. Zan fara da abin da ba ya jira. Ranar da wasiƙarki ta iso na tura saƙo ta lambar da kika rubuta a ƙasa, ban sami amsa ba, don haka nake maimaitawa a nan: ki gaya wa likita maganar idon nan yau. Ni ba likita ba ce, amma na kai wasiƙarki wurin wata likita da na amince da ita, kuma a nan ta fara tsayawa. Wannan cuta in ta shiga jini takan sauka a ido, wani lokaci a zuciya ko ƙashi, kuma ido ba ya ba da dogon lokaci. Mai yiwuwa waldar ce kamar yadda ya faɗa. To a duba a ce walda ce, mu yi hamdala. Alƙawarin da zai iya cin idon mutum ba a riƙe shi. Kada ki zagaya ta bayansa: ki shiga ki ce masa za ki faɗa, ki faɗa a gabansa. Zai yi fushi. Fushin kwana biyu ne, kuma mai walda ya fi kowa sanin darajar ido.

Sai maganar yis. Likitarku ta so ta sauƙaƙa muku ne, kalmar ta faɗa inda ba ta nufa ba. Kandida da yis ɗin burodi dangi ne, amma ba abu ɗaya ba ne. Kandida tana zaune a hanji da baki da fatar yawancin mutane, har da ni da ke da Yaya, ba ta cutar da kowa. Sai jiki ya raunana take samun ƙofa. Dubi mijinki: an buɗe hanjinsa, an daɗe ana ba shi magunguna masu ƙarfi da ke kashe ƙwayoyin da ke taka mata birki, ga roba a jijiya, ga abinci ta jijiya. Kowanne daga ciki ƙofa ne, shi kuwa duk sun haɗu a kansa. Marasa lafiyar da ba su taɓa kusantar mai burodi ba suna kamuwa da ita a asibitoci ko'ina.

Filastar kuwa, ba zan shafa miki mai a baki ba: kuskure ne. Kamata ya yi ki kira nas ko da za ta yi miki wankin babban bargo. Amma kuskure daban, laifin ciwon daban. Babu mai iya rantsewa cewa ta nan ta shiga, kuma hanjin da aka yanka ya fi yatsanki zama abin zargi. Ki gaya wa likita ke da ita, ba a baranda ba. Ba hukunci za ta yanke miki ba, ta ji irinsa ba adadi. Ba dole ne ki kai wannan gaban taron dangi yanzu ba, ana cikin zafi. Mijinki dai yana da haƙƙin sani, in ya miƙe ki gaya masa da bakinki.

Yaya kuma, ki yi mata uzuri. Ɗanta ne a kwance, ba ƙani kawai ba. Mai tsoro yakan nemi wanda zai ɗora wa laifi, don ciwon da ba shi da mai shi ya fi ban tsoro. Kuma tana da gaskiya a wuri ɗaya: a asibiti aka kamu, kuma zaman asibiti ba abin so ba ne. Inda ta kauce shi ne maganin. Saukar zazzaɓi ba warkewa ba ce. In aka katse maganin nan a tsakiya, cutar na iya dawowa ta kama inda ya fi wuyar kaiwa, kuma tana kisa. Wannan ba maganar da za ki yi jayayya da ita a kai ba ce, daga bakinki ba za ta ji ba. Ki roƙi likita ta zaunar da ku uku, ke da Yaya da shi kansa, a gefen gadonsa kafin Asabar. Ta faɗi sunan ƙwayar da gwaji ya nuna, ta faɗi ko ta burodi ce, ta faɗi abin da zai biyo baya in an tafi. Ku tambaye ta ko akwai lokacin da za a iya mai da shi kan maganin haɗiya ya ƙarasa a gida, wani lokaci ana yi, amma ita ce mai cewa. Yaya malama ce, in aka ba ta hujja za ta gane, ko da ba ta furta ba. Kada ki jira ta ba ki haƙuri, ki bar mata hanyar saukowa da mutuncinta.

Sannan ki tashi daga bencin nan. Matarsa ce ke. Ki yanke farce, ki wanke hannu sosai kafin ki shiga da bayan kin fito, kada ki taɓa inda allura take, in kin ga wani abu ya jiƙe ko ya ɗago ki kira nas nan take. Wannan doka ta hau kan Yaya da ƙannensa da ma'aikatan kansu. Ki zaunar da 'yarki ki yi mata bayani da kalmomin da za ta iya mayar wa 'ya'yan baffanta. Ki kira ƙanwarki ko a waya ne, kaya irin wannan ba na mutum ɗaya ba ne. Kuma ki ci abinci, mai jinya in ta faɗi an zama biyu.

Allah Ya ba shi lafiya mai ɗorewa, Ya tsare masa ganinsa, Ya sanyaya zuciyar Yaya, ke kuma Ya ba ki ƙarfin buɗe baki a yau.

Antinku