Farin Idon Baba

Asabar, 3 ga Fabrairu

Hoton Baba na wannan makon ya yi kyau, launin ne dai. Tun da ya ajiye ɗinki nake ɗaukarsa duk Asabar, a kujerarsa ta gefen taga kusa da tsohon keken ɗinkinsa, in tura wa Yaya tunda ta yi nisa da gida. Shi kuwa sai tsokana, wai ko mata na samu ba zan lallaɓa ta kamar kyamarar nan ba. Da na buɗe hoton a kwamfuta sai na ga farin idonsa ya ɗan yi ruwan ɗorawa. Sabon labulen Mama ne, shi ke rina hasken ɗakin. Na rage launin kaɗan, ido ya yi fes, na tura.

Asabar, 10 ga Fabrairu

Na sauke labulen kafin in ɗauka, Mama tana ta mita. Launin yana nan.

Laraba, 14 ga Fabrairu

Na goge gilashin kyamara, na sake saiti. Na ɗauki farar takarda, na ɗauki bangon ofis, duk sun fito fari tas. Tsufa ne dai ya kama kyamarar. Haushi take ba ni.

Asabar, 17 ga Fabrairu

Abin ya fara damuna. In na gyara idon, farar rigarsa ta koma shuɗiya. In na bar rigar yadda take, idon ya koma gidan jiya. Haske ba ya zaɓe, in zai rina komai yake rinawa. Na fi kowa sanin haka, ni da ke cika wa abokan aiki kunne da zancen haske. Amma na zagaye idanun su kaɗai na wanke su ɗaya bayan ɗaya. Agogonsa ma ya yi masa yawa, ya zamo har bayan hannu, sai na yanke hoton daga ƙirji.

Yaya ta amsa: "Masha Allah, tsohon nan sai ƙara yarinta yake." Wai tunda lafiyarsa lau, ta ɗage zuwan da za ta yi sai an yi hutun yara.

Alhamis, 22 ga Fabrairu

Baba ya ture abincinsa. Mama ta ce kullum cikin susa yake, wai sabon sabulu ne. Kowa a gidan nan ya samu abin ɗora wa laifi.

Asabar, 24 ga Fabrairu

Ba na iya kallonsa sai ta cikin kyamara. Na daɗe ban danna ba, har ya ce, "Wannan awon da kake yi mini, riga za ka ɗinka?" Ban iya dariya ba.

Da na dawo na buɗe hotuna na asali, waɗanda ban taɓa ba, na jera su tun na bara. Launin yana hawa a hankali, kamar ana ɗiga shayi cikin madara. Tun kafin a sayi labulen. Ashe na daɗe ina rage shi, hannuna ya saba har ban san ina yi ba.

Tsoro nake ji.

Litinin, 26 ga Fabrairu

Da ƙyar ya yarda muka je asibiti. Likita ta ja fatar idonsa ƙasa, ta ce, "Tun yaushe?" Mama ta ce bai fi mako ba. Na miƙa mata wayata da hotunan asali. Ta yi ta komawa baya cikin hotunan. Can ta ce za a duba hanta da abin da ke kewaye da ita, yau ba gobe ba, kuma za su riƙe shi. Na yi ta jira ta ce ciwon shawara ne kawai, zai wuce. Ba ta faɗa ba.

Baba ya hana a gaya wa Yaya, wai kada a ɗaga mata hankali.

Asabar, 2 ga Maris

Fitilar ɗakin jinya mummunar fitila ce, da can ko kyamara ba zan fitar a irin haskenta ba. Baba ne ya ce, "Yau ba Asabar ba ce? Ina aikinka?" Ya sa Mama ta gyara masa hula, ya ɗaga kai. Na ɗauka sau ɗaya.

A baranda yatsana ya kai wurin gyaran launi da kansa. Na tsaya ina kallonsa. Sai na tura wa Yaya hoton yadda ya fito, da agogon, da robar ƙarin ruwa, ban rubuta komai a ƙasa ba. Baba dai baki ya hana.

Yaya ta gani. Ba ni ta kira ba, Mama ta kira, ta ce a share mata ɗakinta, tana hanya.